Batun kusancin Allah da bawa: a riƙa karanta hadisin har ƙarshe

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wato ko Allah yana ko'ina, da kuma batun wai bawa ya narke cikin Ubangijinsa su zama ɗaya. Duk sanda ta taso sai kaga an ja daga, wannan ya ce kafirci ne tsagwaronsa, wancan ya ce ai ku ba ku kai ba ne shi ya sa, kuma abun haushin kowane ɓangare da aya yake jifan ɗan uwansa.

Ayoyin kuwa suna nan ba wanda ya isa ya goge su. A Baƙara aya ta 115 an ce gabas da yamma na Allah ne, duk inda kuka juya nan fuskar Allah take. A Ƙaf aya ta 16 Ya ce Ya fi kusa da mutum fiye da jijiyar wuyansa, a Hadid aya ta 4 Ya ce Yana tare da ku duk inda kuke. To amma Alƙur'anin nan dai shi ne ya ce a Shura aya ta 11 babu wani abu da ya yi kama da Shi. Shi ya sa da yawan malaman tafsiri suka ce kasancewarsa tare da mu da iliminsa ne da ikonsa, babu ƙwayar zarra da ta fita daga ganinsa, amma dutse dutse ne, ba Allah ba ne.

Ni inda na fi tsayawa shi ne hadisin nan ƙudusi na Abu Huraira da Bukhari ya ruwaito, wanda masu maganar haɗuwa suka fi so. Allah Ya ce bawana ba zai gushe ba yana kusantata da nafilfili har in so shi, idan na so shi sai in zama jinsa da yake ji da shi, ganinsa da yake gani da shi, hannunsa da yake damƙa da shi, ƙafarsa da yake tafiya da ita. Nan ake tsayawa a yi kabbara. Malam a ci gaba mana! Abin da ya biyo baya shi ne, in ya roƙe ni zan ba shi, in ya nemi tsarina zan tsare shi. To wa yake roƙon wa in har sun zama ɗaya? Bayan duk wannan soyayyar har yanzu akwai mai roƙo akwai mai bayarwa. Kuma kafin a zo kan nafila ma a hadisin da farilla aka soma, an ce babu abin da bawa zai kusanci Allah da shi da ya fi soyuwa gare Shi kamar abin da Ya wajabta masa, sannan nafila ta biyo.

Ba yau aka fara ba. Sufin nan Mansur Hallaj ya ce Anal Haƙƙ, wato "ni ne Gaskiya", alhali Al-Haƙƙ sunan Allah ne, aka tsare shi shekaru, aka kashe shi a Bagadaza a shekarar 922 Miladiyya, ko da yake har da siyasar fada a cikin lamarin. Ibn Arabi, wanda aka haifa a Andalus a 1165 ya rasu a Dimashƙa a 1240, shi ake jingina wa wahdatul wujud, wato ɗayantakar samuwa, cewa babu samamme na haƙiƙa sai Allah, Ibn Taimiyya kuma ya yi masa raddi mai zafi. Amma wanda maganarsa ta fi kwanta min a rai shi ne Ahmad Sirhindi na Indiya, ya rasu a 1624, shi ma sufi ne ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya ba wai ɗan adawa da sufanci ba. Cewa ya yi ɗayantakar a gani take, mai zikiri yakan kai wani hali da ba ya ganin komai sai Allah, kaman yadda da rana tsaka ba ka ganin taurari alhali suna nan a sama ba inda suka je. Halin fana'i kenan, kuma manyan sufaye irin su Junaidu sun fi daraja dawowa hayyaci bayansa, mutum ya dawo ya ci gaba da bauta.

Wannan ne ya sa nake mamakin wanda zai ce shi ya kai, sallah ta faɗi a kansa, komai ma Allah ne. Ka kai ina? Manzon Allah (SAW) da aka yi Isra'i da Mi'iraji da shi, ayar farko ta surar Isra'i bawa ta kira shi, kuma daga wannan tafiyar ya sauko da salloli biyar. Yana tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura, da aka yi masa magana ya ce ashe ba zan zama bawa mai godiya ba. Annabi Musa (AS) da ya nemi gani, dutsen ne ya rududduge shi kuma ya faɗi sumamme, da ya farfaɗo tasbihi ya yi da tuba.

Ɗaya ɓangaren ma sai na ɗan taɓa su, don wallahi akwai wanda tsoron bidi'a ya sa da zarar ya ji an ce kusanci ko soyayyar Allah sai ya haɗe rai, addininsa ya zama halal da haram kawai babu ɗanɗano. Alhali a hadisin Jibrilu bayan Musulunci da imani akwai ihsani, ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa Shi Yana ganinka. Wanda ya ji daɗin ganawa da Ubangijinsa a sujada har hawaye ya zubo ba ɓatacce ba ne, kar a yi saurin yanke masa hukunci.

Roƙona ga jaridarku, ku ba malamai na ɓangarorin biyu shafi ɗaya-ɗaya, kowa ya yi sharhin hadisin Abu Hurairan nan daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsallake layi ba, a buga su gefe da gefe mu karanta. Na gode.

Wassalam,
Naku, mai bibiyar jaridarku