Zuwa ga Uwata, kan maganar sa hannu

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarki da kika sani.

Yayanki ya faɗa mini wata magana, kuma kada ki ga laifinsa, ni na matsa masa. Wai wani kamfani ya kawo muku sinadarin launi na sawa a abinci, gwajin farko ya nuna abin da ba sa so, shugabanki ya ce a yi ta sakewa har ya fito fes, ke kuma ki sa hannu. In ƙarya ce, alhamdulillahi.

Na yi gwajin Ames, wanda ake duba ko sinadari yana sauya ƙwayar gado da shi, tun ba a haife ki ba. A zuba ƙwayar cutar Salmonella a faranti, irin wadda ba ta iya haɗa histidin da kanta, wato abin da take buƙata don ta yaɗu, a sa sinadarin da ake gwadawa, a ƙara ruwan hantar ɓera don ya sarrafa shi yadda hantar mutum za ta yi, a rufe faranti kwana biyu a zafi digiri 37. In kin buɗe kin ga ɗigo-ɗigon ƙwayoyin da suka yaɗu sun zarce na farantin da ba a sa wa komai ba, kuma suna ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara sinadarin, to ya taɓa ƙwayar gado. Su dai ƙwayoyin nan ba su san mai kamfani ba.

Ban ce maimaita gwaji laifi ne ba. Faranti kan gurɓace, kuma abin da ke ɗauke da histidin a jikinsa yana iya ruɗin mutum. In akwai shakka, a duba ko kromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ya karye a ƙwayoyin halittar dabba, a rubuta duka sakamakon. Amma a maimaita sannan a jefa na farko a kwandon shara, wannan ha'inci ne.

A Japan an yi ta sa wani sinadari mai suna AF-2 a abinci don kada ya lalace tun 1965, da izinin hukuma. Sai da aka ga yana sauya ƙwayar gado, aka kuma ga yana sa wa ɓeraye ciwon daji, sannan aka hana shi a 1974. Shekara tara mutane na ci! Titanium dioxide kuwa, farin launin da ake sa wa abinci, a 2021 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ba ta ce ta kama shi da laifi ba, cewa ta yi ta kasa wanke shi. Wannan kaɗai ya isa aka hana sa shi a abinci a Tarayyar Turai a 2022.

Abin da ke hana ni barci ke nan. Irin wannan ɓarna ba ta sa amai a ranar. Yaro zai ci, ya yi wasansa, ciwon ya fito bayan shekaru, ba wanda zai san daga ina, sai Allah da wanda ya sa hannu. Ranar da asiri ya tonu kuma sunanki ne a takarda, shugaban naki zai ce shi bai ga faranti ba.

Kuma me ya sa sai a bakin wani zan ji? Na san ki, babba ya yi magana sai ki sunkuyar da kai. Ni na koya miki ladabi, amma ban koya miki wannan ba. Kun sha ganin laifina da na bar wancan aikin muka shiga halin da muka shiga, har yau gwaggonki tana goranta mini. Kun ci, kun yi karatu, kuma ba wanda ya taɓa nuna ku da yatsa.

Kada ki yi fushi da ni, Uwata, tsoro ne. Ki rubuta ƙidayar kowane faranti da biro a ranar da kika ƙirga, ki ɗauki hotonsa. In an ce a sake, ki nemi dalilin a rubuce. In sun kore ki, ɗakinki yana nan. Ki riƙa sa safar hannu in za ki taɓa sodiyam azaid, guba ce, na san garajenki.

Ki kira ni da kanki, ina so in ji daga bakinki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.