Wasiƙa ga Iyaye: Farar Fumfuna a Lambunan Gida

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

Da fatan kuna lafiya, da iyali baki ɗaya. A farkon zangon nan ɗaliban ajin aikin gona sun kai irin kuɓewa da kabewa da kokwamba gida, kuma mun ji daɗin yadda gidaje da yawa suka ba su ɗan fili a tsakar gida ko bayan ɗaki. Allah ya saka da alheri. Sai dai tun shigowar sanyi yara ke zuwa mana da ƙorafi iri ɗaya: ganye ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari.

Wasu iyaye sun ce ai ƙurar hunturu ce. Akwai ƙura, amma a duba da kyau. Ƙura ja-ja take, tana kwanciya a kan komai, har katanga da bokiti, kuma ruwa na wanke ta. Ita fumfuna, cutar da ke kama ganyen, fara ce sol, tana farawa da ɗigo-ɗigo masu zagaye a kan tsofaffin ganyen ƙasa, sannan ɗigon su haɗe su rufe ganyen. Ko an goge da yatsa, bayan kwana biyu za ta dawo. Daga nan ganye ya yi rawaya, ya bushe, ya kakkarye, 'ya'yan su fito ƙanana. A tattasai da tumatir takan ɓuya a bayan ganye, sama kuwa sai tabo mai ruwan ɗorawa, don haka a riƙa juya ganyen.

Iska ce ke ɗaukar ƙwayoyinta daga shuka zuwa shuka, kuma ba ta buƙatar ruwan sama. Rana mai ɗumi da dare mai sanyi da raɓa su ne abin da take so, shi ya sa ta fi damun masu noman rani. Inuwa da cunkoso na ƙara mata ƙarfi, haka ma takin yuriya idan ya yi yawa, domin yana fitar da ganye masu laushi.

Babban roƙonmu shi ne kada a ɗauko fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. Wannan cuta ba ƙwaro ba ce, maganin ƙwari ba zai taɓa ta ba, sai dai ya zuba guba a kan abin da za a sa a miya, a wurin da yara ke wasa.

Aikin farko na hannu ne. A tsinke ganyen da suka kamu tun suna kaɗan, a zuba a leda ba tare da karkaɗewa ba, a binne ko a ƙona. A rage shukar da ta cushe domin iska da rana su shiga. Ban ruwa a yi shi da safe, a gindin shuka.

Idan za a yi feshi, madarar shanu kashi 1 a ruwa kashi 9 tana taimakawa. Wani bincike da aka wallafa daga Brazil a 1999 ya nuna hakan a kan wani nau'in kabewa. Ana kuma zuba ƙaramin cokali 1 na soda ta girki (baking soda) a lita 1 ta ruwa da ɗigon sabulun ruwa. Man darbejiya ma yana aiki. A fesa sama da ƙasan ganye sau ɗaya a mako, a fara gwadawa a ganye biyu ko uku. Feshin yana kare ganyen da ke da lafiya ne, wanda ya riga ya bushe ba zai farfaɗo ba.

Masu babban lambu za su iya neman maganin farar wuta, amma da shawarar malamin gona. Ba a fesa shi cikin zafin rana, kuma ba a haɗa shi da mai irin na darbejiya, don yana ƙona ganye. Wannan aikin manya ne, kada a bar wa yara.

Duk wanda bai tabbatar da abin da ya kama shukarsa ba, ya ɗaure ganye ɗaya a leda ya ba yaro ya kawo wa malamin aikin gona, zai duba ya aiko da amsa a littafin ɗalibin.

Wassalam,
Shugaban Makaranta