Maganin mura da ruwan nonon mai jego

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin masu shayarwa kan abin da nake gani a wurin aiki: mai jego ta sayi maganin mura a kemis, bayan kwana biyu nononta ya ja baya, sai a ɗora laifin a kan ƙarancin kunun kanwa ko bakin mutane.

Sinadarin da ke sa jiki ya haɗa nono shi ne furolaktin, kuma wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira fituwitari, ita ke fitar da shi. Linzaminsa yana hannun wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, domin duk lokacin da dofamin ya ƙaru furolaktin yakan sauka, idan kuwa ya ragu sai furolaktin ya hau. Sai dai akwai wasu 'yan ƙofofi a jikin jijiyoyi da ke karɓar saƙon adirenalin, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita. Ƙofofin nan akwai nau'in alfa da na beta, kuma maganin da ya taɓa su yana iya girgiza wannan ma'auni.

Sinadarin da ake rubutawa pseudoephedrine a kwalin magungunan mura da yawa ta waɗannan ƙofofi yake bi ya buɗe hanci. A wani bincike da aka yi a Ostareliya a 2003 kan mata takwas masu shayarwa, shan miligiram 60 sau ɗaya tak ya rage nonon da kashi 24 cikin ɗari, kuma masu binciken sun yi zargin saukar furolaktin ce sanadi. Mata takwas ba su da yawa, amma a ganina sun isa su sa mai kemis ya tambayi mace ko tana shayarwa kafin ya miƙa mata kwalin.

Maganin metildofa kuwa, da ake bayarwa saboda hawan jini, har ga masu ciki, akasin haka yake yi, domin yana aiki ta ƙofofin alfa a ƙwaƙwalwa, yana kuma rage dofamin, har wata ta ga nono na zuba ko al'adarta ta ɗauke alhali ba ta da ciki ko goyo. Wadda ta ga haka kada ta daina shan maganin da kanta. Ta koma wurin likita da kwalin a hannunta.

Naka,
Wani ma'aikacin jinya, Zariya