Wasiƙa Daga Zariya Bayan Dawowa Daga Masar

Tudun Wada,
Zariya.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in ba ka labarin tafiyar da na yi zuwa Masar, inda na je duba ɗana da ke karatu a Azhar.

Shi ne ya matsa mini mu shiga jirgin ruwa daga Luksor mu gangaro Kogin Nilu. Mun yi kwanaki muna wuce gonakin rake da itatuwan dabino, muka bi ta Asyut da Minya, har Allah ya kawo mu Alƙahira. Washegari muka hau mota zuwa ganuwar Sarki Salahuddin Ayyubi, wato fada mai katangar dutse da ke gefen Dutsen Muƙaddam, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Salahuddin ya fara ginin a shekarar 1176, amma bai zauna a cikinsa ba har ya rasu a 1193. Magadansa ne suka tare, wurin ya zama fadar mulkin Masar kusan shekara 700, kafin a koma fadar Abidin a ƙarni na 19. Mafi yawan baƙi masallacin Muhammadu Ali, wani tsohon mai mulkin Masar, suke rububin gani, wanda aka fara ginawa a 1830, kuma lalle ya isa kallo. Ni dai rijiyar da ake kira Rijiyar Yusuf ce ta fi tsaya mini a rai. A cikin dutse aka sassaƙa ta, zurfinta ya kusa mita 90, kuma hawa biyu ce. Mai yi mana bayani ya ce an fafe wata hanya mai kewaya ramin wadda shanu ke bi su sauka har tsakiya, a can suke juya na'urar ɗebo ruwa daga ƙasa, wasu shanun kuma a sama su ƙarasa fito da shi. Ka ga wanda ya tsara wannan ya san cewa in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, ƙishirwa ce ke fara buɗe musu ƙofa.

Ina tsaye a kan katangar, birnin yana shimfiɗe a ƙasa, sai zuciyata ta dawo gida. Ka tuna yadda muke hawa ganuwa ta wajen Ƙofar Doka muna yara? Da na dawo na zagaya har Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, abin da na gani ya sosa mini rai ƙwarai. A wurare da dama an kwashe ƙasar an yi tubali, wani wurin an kafa gida a kanta, wani kuma ya zama juji. Na san tamu ta ƙasa ce, damina na cin ta, tasu kuwa ta dutse ce, amma ai kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke fitowa gayya suna yi mata yaɓe. Babban masallacinmu da Babban Gwani Mika'ilu ya gina sa'an na Muhammadu Ali ne, ga shi wani sashensa ya rufta a 2023 har aka rasa rayuka. Allah ya jiƙan su.

Ina roƙon ka, in kana da tsofaffin hotunan ganuwar da muka ɗauka muna makaranta, ka turo mini, domin ina so in nuna wa jikokina tsayinta na da. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara duka.

Wassalam,
Naka amini.