A koyi hannun Ali Farka Ture, kada a tsaya ga yabonsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan marigayi Ali Ibrahim Ture, wanda duniya ta sani da Ali Farka Ture, makaɗin jita kuma mawaƙi ɗan ƙasar Mali. Allah ya yi masa rasuwa a Bamako ranar 7 ga Maris 2006 bayan doguwar jinya ta ciwon dajin ƙashi, aka kai shi garinsu Niyafunke aka rufe. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A nan Yamai ba a rasa masu ƙaunarsa. Samari masu jita suna sa hotonsa a Facebook, suna kiransa sarkin bulus na sahara (bulus wani salon kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka), suna lissafa kyautar Grammy da ya ci tare da Ry Cooder, makaɗin jita ɗan Amurka, da wadda ya ci tare da Tumani Jabate, makaɗin kora ɗan Mali, wata guda kafin rasuwarsa. Duk gaskiya ne. Amma idan suka ɗauki jita suka ce za su yi kiɗansa, sai ka ji wani abu dabam ya fito. Sun haddace waƙar, hannun ne babu. Wannan hannun nake so mu tsaya a kai, domin shi ne gadon da zai iya ɓacewa.

An haifi Ali a 1939 a ƙauyen Kanau, bakin kogin Isa, wannan dai kogin da ya ratsa Yamai. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu, shi ya sa aka laƙaba masa Farka, wato jaki, saboda juriya; duk mai jin Zabarmanci ya san kalmar. Kafin ya taɓa jita ya riga ya ƙware a kan ɗan molo mai tsirkiya ɗaya, da ƙaramin gogen da suke kira njarka. A 1956 ya ga Keita Fodeba na Gine yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa, amma bai mallaki tasa ba sai 1968, a ƙasar Bulgeriya. Ka ga ke nan jita ta tarar da hannun da molo da goge suka riga suka gina. Da ya ji fayafayan John Lee Hooker na Amurka, cewa ya yi wannan kiɗan gida ne, kuma har ya koma ga Allah bai sauya magana ba.

Amma bambancin kiɗan Ali da bulus ɗin Amurka a fili yake. Bulus ɗin Amurka da aka fi sani yana zagaye ne a kan awo 12, yana yawo tsakanin gindin sauti uku ya dawo. Ali yakan kafa gindi ɗaya ya zauna a kansa tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda mai gurumi ko mai molo yake yi a Dogonduci ko Tahoua. Duk yaron da ya cusa wa waƙarsa sauye-sauyen nan uku ya riga ya bar hanya tun bai yi nisa ba.

A fara da ɗaurin tsirkiya. Jita da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, ana saita ta a kan sautukan da ake kira Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Ali sau da yawa yakan ja mai kaurin nan, ta shida, daga Mi ya kai ta Sol, sai ɗaurin ya zama Sol, La, Re, Sol, Si, Mi. Amfanin haka shi ne babban yatsa ya samu gindin sauti a sake, ba sai hannun hagu ya danne ba, kuma ta shida da ta uku su zama murya ɗaya, babba da ƙarama. Sannan ya sa kapo, matsin nan da ake ɗaurawa a wuyan jita, inda ya dace da muryarsa.

Nan ne ake yin ɓarna. Ɗaga tsirkiya daga Mi zuwa Sol gaɓa uku ne, wato matakai uku na ƙarafan da ke wuyan jita, kuma yana ƙara mata ja da kusan kashi 40 cikin 100. Idan tsohuwa ce ko ta yi tsatsa, tsinkewa za ta yi, wani lokaci ta tsage wa mutum hannu. Idan ba ta tsinke ba, jan yana komawa kan wuya da kan katakon da aka manna a fuskar jita, wanda tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinsa. A jita mai araha, bayan 'yan watanni sai ka ga katakon ya fara ɗagowa ta baya. Magani biyu ne. Ko dai a canza ta shida da wadda ba ta kai ta kauri ba: idan mai lamba 53 ce a sa mai lamba 45, idan jitar lantarki ce mai 46 a nemi 38 ko 39, jan zai dawo kusan yadda yake tun farko. Ko kuma, ga wanda ba shi da kuɗin sabuwar tsirkiya, a sassauta sauran biyar ɗin gaɓa biyu-biyu, a ɗaga ta shida gaɓa ɗaya tak, ɗaurin ya zama Fa, Sol, Do, Fa, La, Re, sai a sa kapo a gaɓa ta biyu. Sautin ɗaya ne, jita kuma ta huta. Ni na fi son hanya ta biyu ga mai koyo, saboda tsirkiya mai sassauci ba ta cin yatsa. A tuna a sake saiti bayan an ɗaura kapo, domin matsinsa yana ɗan ɗaga sauti, kuma a ɗaura shi dab da ƙarfen gaɓa, kada a sa shi a tsakiya.

Sai hannun dama, wanda shi ne kan magana. A ajiye ɗan robar kaɗawa. Yatsa biyu ne ke aiki, babba da manuni. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiyoyi masu kauri, ba ya fashi, kamar taɓarya a turmi. Manuni yana ɗauko waƙar a kan sirara, yana fizgowa sama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne da zarar manuni ya fara gudu sai babban yatsa ya tsaya yana jira, kiɗan ya zama fanko. A yi mako guda ana buga babban yatsa shi kaɗai, minti 15 kullum, ana ƙirga shida-shida, yana sauka a kan ɗaya da huɗu. A mako na biyu a shigo da manuni a kan ɗaya, uku da biyar. Biyu ke nan a kan uku, kuma kunnen da ya saba da takamba ba zai yi baƙunta a nan ba. Kada a ƙara sauri sai an iya yin hira da wani alhali hannu bai rikice ba.

Hannun hagu ba ya kama tsirkiya uku ko huɗu a dunƙule. Sauti biyar ne yake yawo a cikinsu, kuma adon duka yana cikin bugu da fizga: a kaɗa sau ɗaya da dama, yatsan hagu ya faɗa kan gaɓa ya ɗaga da sauri sau biyu ko uku. Wannan karkarwar daga goge ta zo. Masu koyi da makaɗan Amurka sukan tura tsirkiya sama su lanƙwasa sautin har ya yi kuka. A kiɗan Ali wannan kaɗan ne ƙwarai, idan ya yi yawa sai ya rufe karkarwar. Muryarsa kuma tana bin layin jita ne kafaɗa da kafaɗa, da Sonranci ko Fulatanci ko Tamashek ko Bambaranci. Mai son rera waƙarsa ya nemi wanda ya ji harshen ya fassara masa, domin yawancinsu magana ce a kan noma, aiki, ilimi da zumunci, kuma ba daidai ba ne mutum ya rera abin da bai san ma'anarsa ba.

Abokin tafiyar wannan kiɗa ƙwarya ce. A kife babba a kan bargo da aka ninka, dunƙulen hannu ya ba da gindi, zobba ko 'yan sanduna su ba da ƙyas-ƙyas. Idan aka kife ta a kan siminti tsagewa take yi, sautin ma ya bushe. In da ampili, wato na'urar ƙara sauti, a bar sautin a wanke, a rage ƙara. Jita mai ruri tana haɗiye aikin manuni gaba ɗaya.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Katakon jita yana son danshin iska kashi 45 zuwa 55, hunturun Yamai kuwa yakan sauko ƙasa da 20. Alamar farko ita ce bakin ƙarafan gaɓa su fara kartar hannu, daga nan fuskar jita ta lotsa, tsirkiya ta riƙa zuza, ƙarshe katako ya tsage. A jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a gidan sabulu mai huji, a ajiye cikin jakar jita, a duba shi duk bayan kwana biyu. A watan Afrilu da Mayu kada a bar jita cikin mota a rufe ko a jingine ta da bangon da rana ke duka, domin mannin yana sakewa. A goge tsirkiyoyi da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa, gumi ne ke kawo tsatsa.

Ali ya ɗauki kansa manomi kafin makaɗi. Da aka zaɓe shi magajin garin Niyafunke a 2004, da kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyi, ya haƙa magudanan ruwa, ya sayi man injin da ke ba garin wuta. Faifansa na 1999 ma a can garin aka ɗauka, saboda bai so ya yi nisa da gonarsa.

Roƙona ga cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke nan Yamai, da duk mai koyar da jita a unguwa, shi ne a zaunar da mai koyo gaban mai molo ko mai gurumi na wata uku kafin a miƙa masa jita. Marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya nuna irin nisan da gurumi zai iya kai mutum. Ku kuma 'yan jarida, idan 7 ga Maris ta zagayo, ku nemi tsofaffin masu molo da goge da suka rage a Tillaberi da Tahoua, ku ɗauki hoton bidiyon hannunsu kusa-kusa, yadda yaro zai ga inda kowane yatsa yake sauka.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Mai karatunku,
daga Yamai