Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Zanenmu da Mafakar Dabbobi a Jos

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayen ƙungiya, dattawanmu a wannan sana'a ta zane, 'yan uwa membobi maza da mata, ina yi muku sallama tare da fatan an zo lafiya. Kamar yadda dokar ƙungiya ta ɗora wa sakatare, ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita yana cikin rahoton ma'aji, wanda za a karanta bayan wannan, don haka zan tsaya ne a kan ayyukan kansu, da abin da ya yi kyau, da wanda ya gagare mu.

Saboda sababbin membobi, ya kamata a tuna alkawarin da ya haɗa mu tun farko. Kowane memba yana ba da kyautar zanen dabbar gida aƙalla ɗaya a shekara, ko kyanwa, ko kare, ko doki, ko jaki, ko tantabara, a sayar da shi, a miƙa kuɗin ga masu kula da dabbobin da aka yasar ko aka tsince su da rauni. Mai zanen ba ya karɓar komai sai kuɗin firem idan shi ya saya. A bana mafi yawan membobi sun cika wannan alkawari, wasu ma sun ninka, kuma waɗanda ba su samu iko ba sun aiko da uzurinsu a kan lokaci.

Babban sauyin da muka yi shi ne daina zane daga hotunan intanet. A shekarun baya, kusan duk abin da muke kawowa kyanwa ce mai dogon gashi ko kare irin na Turai, waɗanda mai saye bai taɓa gani a unguwarsa ba, sai ya yaba ya wuce. A taronmu na farkon shekara aka yanke shawarar cewa kowa ya je mafaka da kansa, ya zauna, ya zana dabbar da ke gabansa. Mun fara wannan ne a tsakiyar hunturu, kuma duk wanda ya san sanyin Jos na watan Janairu ya san cewa riƙe gawayi ko buroshi da sassafe ba ƙaramin aiki ba ne. A mafakar da ke hanyar Bukuru, wadda wata dattijuwa take gudanarwa a bayan gidanta, mun tarar da wani kwikwiyo da yara suka ciro daga kwalbati, ƙazuwa ta cinye gashin bayansa, kunnensa ɗaya a tsage, yana kwance a kan tsohon buhu kusa da murhu yana rawar ɗari. Ɗaya daga cikin matasan membobinmu ta zauna a kan turmi ta zana shi da gawayi yadda yake, ba ta rufe tabon ba, ba ta gyara kunnen ba. Wasunmu sun ce babu wanda zai rataye irin wannan a falonsa. Shi ne zanen da aka fara saya a baje kolinmu, kuma mutumin da ya saye shi ya nemi a kai shi ya ga karen, daga baya ya ɗauke shi ya tafi da shi gida bayan an gama yi masa magani. A ganina, wannan shi ne aiki mafi daraja da ƙungiya ta yi a bana, domin zanen ya sa mutum ya tsaya ya dubi dabbar da ya saba wucewa ta gefenta ba tare da ya waiwaya ba.

Kafin baje kolin, mun kai ziyarar ƙaro ilimi Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, ya kafa a 1952, muka ɗauki lokaci a gaban kayan yumɓu na Nok. Abin da ya sa muka je shi ne mu nuna wa matasanmu cewa siffanta dabba ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, tun da masu fasahar Nok, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sun ƙera siffofin giwa da biri da maciji. Bayan wannan ziyara membobi biyu masu aikin yumɓu suka roƙi a bar su su ba da gudummawarsu da abin da suka ƙera, kwamiti kuma ya amince.

Baje kolin kansa bai tafi yadda muka tsara ba, kuma wajibi ne in faɗi gaskiyar abin da ya faru. Mai zauren da muka yi magana da shi ya janye ana saura 'yan kwanaki, ya ba wa masu biki wurin, alhali mun riga mun buga takardun gayyata. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, domin mu ma ba mu rubuta yarjejeniya ba, muka dogara da maganar baki. Dole ta sa muka koma harabar gidan wani memba a Rayfield muka kafa rumfa, a cikin watan Agusta, lokacin da ruwan Jos ba ya sallama. A rana ta biyu aka yi ruwa da iska, rumfar ta yoyo, zanen fentin ruwa da dama suka jiƙe, launinsu ya zube, cikinsu har da na wani dattijonmu da ya shafe makonni yana aikin wani doki da mahayinsa. Na je gidansa a madadin kwamiti na ba shi haƙuri, kuma ina sake ba shi haƙuri a gaban kowa. Duk da haka an yi ciniki. Gwanjon ranar ƙarshe ya fi sayarwa a kan tsayayyen farashi kawo kuɗi, sannan shafinmu na Facebook ya jawo masu saye daga Abuja da Kaduna, waɗanda aka aika musu da kayansu ta mota.

Wata hanyar samun kuɗi da ba mu yi tsammani ba ita ce ta masu kawo hoton dabbarsu a zana musu. Masu dawakin folo, masu kiwon tantabara a Gangare da Anguwan Rogo, da iyalan da kyanwarsu ta mutu suna son abin tunawa, duk sun zo. Wannan aiki ba ya jiran baje koli, ana yin sa duk tsawon shekara, kuma kwamiti na ganin ya kamata a ba shi muhimmanci.

Akwai batun da aka daɗe ana yin sa a gefe, bana kuma muka kawo shi gaban taro, wato matsayin zanen abu mai rai. Wasu daga cikin 'yan uwanmu Musulmi sun bayyana cewa zuciyarsu ba ta natsu da zana dabba ba, saboda abin da malamansu suka karantar da su, alhali suna son a yi aikin jinƙan da su. Ƙungiya ba majalisar fatawa ba ce, kuma ba ta tilasta wa kowa. Abin da aka cimma shi ne duk mai wannan ra'ayi zai iya ba da zanen duwatsun Shere, ko na tsirrai, ko zayyana, ko rubutun ado, kuɗin kuma asusu ɗaya za su shiga. Abin da ya faranta mini rai a wannan muhawara shi ne babu wanda ya yi jayayya a kan tausayin dabba. Musulmin cikinmu sun kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, Kiristocin cikinmu kuma suka ambaci koyarwar cewa adali yana kula da ran dabbarsa. A gari irin namu, da ya ga abin da ya gani, zaman da aka yi a wannan rana abin a riƙe ne.

Game da inda kuɗin suka tafi, kaso mafi girma ya tafi ne ga abinci da magani: dusa da harawa, maganin tsutsar ciki, maganin kaska da ƙuma, da kuɗin likitan dabbobi. Amma shawarar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce ta fifita allurar rigakafin ciwon haukan kare a kan gina sababbin ɗakuna. Wasu membobi sun so a yi gini, domin abu ne da ido ke gani, a ɗauki hoto a nuna wa masu ba da taimako. Kwamiti ya zaɓi allura, ga kuma dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 a duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar cutar tana yankewa. Mu kuwa a Filato muna da karnukan gadi, da na mafarauta, da hada-hadar karnuka a kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke, sannan ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda take nan tun 1924, a bakin ƙofarmu. Abin kunya ne a ce muna maƙwabtaka da irin wannan wuri amma kare marar allura yana cizon yaro a unguwa.

Saboda haka a ranar 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe domin yaƙi da wannan ciwo, wadda ta dace da ranar rasuwar Louis Pasteur, masanin da ya fara samar da allurar rigakafinsa, muka ɗauki nauyin allurar duk karnuka da kyanwoyin da ke mafakar da muke tallafa wa, da na maƙwabtan da suka kawo nasu. Membobinmu sun zana allunan faɗakarwa da Hausa, masu nuna cewa wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa magani a gida. An liƙa su a makarantu da bakin kasuwa. Wannan ita ce amsarmu ga masu tambayar dalilin da ya sa muke ciyar da kare a lokacin da mutane ke fama da tsadar abinci. Tambayar tana da nauyi, ba mu raina ta ba, amma allurar da aka yi wa kare, ai ɗan maƙwabci take karewa.

A ɓangaren jakuna da dawakan da suka tsufa ko suka ji rauni ba mu yi abin a zo a gani ba. Mun biya kuɗin jinyar wani jaki mai gyambo a gadon baya, iyakarta ke nan.

Matsalolin da suka rage a bayyane suke. Farashin fenti da takarda da ƙyallen zane ya tashi ƙwarai, har ɗaliban cikinmu sun koma fensir da gawayi. Kuɗin wata-wata ba ya shigowa yadda ya kamata. Masu kula da mafaka sun gaji, kuma dabbobi na ƙaruwa saboda ba a yi musu aikin hana haihuwa.

Kwamiti na gabatar wa taro shawarwarin da yake neman amincewarku a kansu. A mayar da baje koli cikin rani, tsakanin Nuwamba da Disamba, kuma kada a sake kama zaure sai da yarjejeniya a rubuce. A ware wani kaso na kuɗin gwanjo domin saya wa ɗalibai kayan aiki. A tattauna da likitocin dabbobi a kan kuɗin fiɗiya da aikin hana haihuwa, domin a sa shi cikin kasafin baɗi. A kuma naɗa mutum biyu da za su riƙa bibiyar dabbobin da aka ba wa sababbin iyayen gida, su ga halin da suke ciki. Duk mai gyara ko ƙari a kan waɗannan shawarwari ya miƙa wa sakatare a rubuce kafin a tashi, waɗanda zanensu ya jiƙe kuma su ga ma'aji domin karɓar kuɗin firem ɗinsu.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin zartarwa, Jos.