Ba kowane likitan ƙashi ne ke aikin ƙashin baya ba

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah a bani fili in ja hankalin manya masu fama da ciwon ƙashin baya. Masu tiyatar ƙashin baya iri biyu ne, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko likitan ƙashi, amma fa sai wanda ya ƙaro horo na musamman kan ƙashin bayan kansa, don wanda ya ƙware a gwiwa ko ƙugu ba lallai ya iya taɓa faifan tsakanin ƙasusuwan baya da ya zame ya danne jijiya ba. Tambayi likitan kai tsaye, wallahi ba rashin kunya bane, irin aikin nan sau nawa kake yi a shekara, me zai faru in ba'ayi ba? Kwashi hoton MRI ɗinka kaje wani likitan shima ya duba, don yawancin ciwon baya magani da motsa jiki ke sauƙaƙa shi ba wuƙa ba.

Amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suna zubowa baka sani ba, wannan ba na jira bane, asibiti a ranar.

Naku,
Wani mai karatu